Fatar Baƙo a Jikin Yaya Sabi'u

Tun Yaya Sabi'u na kwance na yi wa kaina alkawari, in Allah ya tashi kafaɗarsa sai na rubuta yadda aka yi, ko don 'yan'uwanmu da ke girki a ɗakunan kamfani. To Allah ya tashe shi, alhamdulillahi, har ya koma halinsa na yi mini faɗa a kan sallar asuba. Saura in cika nawa alkawarin.

Sunana Isuhu, direba ne ni, ina jan bas ɗin da ke kai ma'aikata Lusail da safe ta kwaso su da yamma. Yaya Sabi'u ɗan wan babana ne, daga Malumfashi muka fito, shi ya riga ni zuwa Doha kuma shi ya samo mini hanya. Gadi yake yi a wani gini a Lusail, amma a masaukinmu na Mu'aither shi ne liman, shi ne mai raba faɗa, shi ne mai tuƙa tuwon Juma'a. Mutum ne mai sanyin magana da taurin kai. In ya ce a'a, ko ka wuni kana zuba, murmushi kawai zai yi maka.

Farkon shekarar da aka yi gasar kofin duniya ne, korona ta sake tasowa, sanyi kuma ya sauka. Saboda sanyin aka rurrufe tagogin kicin, har da toshe kafofi da kwali. Ashe tiyon tukunyar gas ya tsage. Shi kuwa Yaya bai daɗe da tashi daga korona ba, hancinsa bai dawo ba, ko turare ka kai masa ba ya ji. Ran Juma'a da hantsi ya shiga ɗora ruwan tuwo, ya ƙyasta ashana. Garba, abokin ɗakinmu ɗan Gusau, ya ce shi dai ƙara ya ji, sai ga Yaya ya fito rigarsa na ci da wuta.

Ina wajen wankin bas aka kira ni. Kafin in iso mutanen ɗaki sun kashe wutar da bargo, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai daga nan suka yi abin da muka gada. Wannan ya fasa ƙwai, wancan ya matso man goge baki, Garba kuma ya juye masa kwalbar manjan da ya zo da ita daga gida yake ta tattali. Na shigo na tarar da ɗan'uwana kamar za a jefa shi a kasko. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wa zan yi wa faɗa? Duk abin da muka taso muna gani ke nan.

Motar asibiti ba ta ɓata lokaci ba, wannan kam ba a raina musu. Amma saboda korona a bakin ƙofa aka tsayar da ni. Na nuna manhajar korona a wayata ta nuna kore, alamar ba ni da cutar, na gyara takunkumi, na roƙa da Turancina da gutsuren Larabcina, mai gadin ya ce khalas, ba shiga. Sati na farko haka na yi shi, daga aiki sai bakin asibiti, in tsaya ina kallon tagogi ban ma san wacce ce tasa ba. In na kira lambar da suka ba ni, sai wata murya ta ce yana nan dai, ana ƙoƙari.

Akwai wata ƙungiya ta 'yan Arewa, likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a, suna haɗuwa a wani gida a Nu'aija. Kafin korona sukan zo masaukan ma'aikata ranar hutu su auna mana hawan jini da sukari. 'Yan shadda muke kiransu, kuma gaskiya shinkafa da kazar da ake rabawa a ƙarshe ke kai yawancinmu. Su suka gano wa Garba hawan jini, don haka yana da lambarsu. Ya kira, ni kuwa na ce ɓata katinka kake yi, me ya haɗa kifi da kaska? Kafin la'asar wata mata ta kira ni. Ta ce sunanta Dakta Binta, 'yar Katsina, aikinta sa mutum barci kafin tiyata, kuma a asibitin da Yaya yake take aiki. Ta ce ta gan shi, yana numfashi da kansa, ya kuma tambaye ta ko Isuhu ya ci abinci. Sai a lokacin na zauna a gefen titi na yi kukan da na riƙe tun ran Juma'a.

Ita ta fara gaya mini cewa sai da aka kankare ƙwan nan da manjan nan kaf daga kan ɗanyen nama kafin a fara magani. Ta ce, "Malam Isuhu, ku gaya wa mutanenku, ruwan famfo kawai, a yi ta kwararawa kamar minti ashirin, ban da ƙanƙara, a rufa tsabtataccen ƙyalle a taho. Ƙwai ci ake yi." Wannan magana ta zauna mini daram.

Da aka nemi jini, 'yan shaddan nan suka cika layi, har da waɗanda ba su taɓa jin sunan Malumfashi ba. Kamfaninmu kuwa ya yi ta ja mana rai a kan takardun inshora, kullum bukra inshallah, wato sai gobe. Sai da wani injiniya cikin 'yan ƙungiyar ya raka ni ofishin kafil, wato mai kamfanin da ya ɗauko mu aiki, ya zauna ya harɗe ƙafa ya yi musu Larabci, sannan gobensu ta waye. Ni dai hutu ko na yini ɗaya shugabana bai ba ni ba, kuma har yau ban manta masa ba.

A sati na biyu aka yarda mutum ɗaya ya riƙa shiga na ɗan lokaci. Aka sa mini riga da hula da safar hannu. Wuta ta ci ƙirjinsa da bayansa da hannuwa biyu, fuskar ce Allah ya tsare, sai gemu da ya babbake. Yana naɗe cikin bandeji, fuskar kawai nake gani. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Wa ke jan ku sallah?" Na ce Garba. Ya lumshe ido ya ce, "Allah ya karɓa dai."

Ranar ce Dakta Binta ta fassara mana bayanin likitan ƙuna. Ta ce jikin da ba fata gida ne da ba ƙofa, ruwan jiki na fita, ƙwayoyin cuta na shiga. Maganin shi ne a yanko fatar mutum daga inda wuta ba ta taɓa ba a dasa. To ta cinyoyin Yaya ba za ta isa a tashi ɗaya ba, sai a ɗiba, a jira ta tsiro, a sake ɗiba. Kafin nan dole a rufe sauran wurin, kuma abin da ya fi rufewa shi ne fatar da wasu bayin Allah suka yi wasiyya a cira bayan ransu, ake adanawa cikin sanyi. Ba za ta zauna ba, jiki zai ture ta bayan 'yan makonni, amma kafin ta tafi ta tsare ƙofar.

Yaya ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Dakta, na gode. A yi duk abin da za a yi, ban da wannan."

"Malam, me ya sa?"

"Fatar mamaci ce."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Muka shiga zato. Muka ce ko alwala yake tunani, ko yana tsoron mai fatar ba Musulmi ba ne. Ƙungiya ta haɗa shi a waya da wani malamin jami'a masanin fiƙihu, ya yi masa bayani tiryan-tiryan a kan larura da ceton rai, ya ce alwalarsa na nan, sallarsa na nan. Yaya ya ce, "Na gamsu, Allah ya ƙara ilimi." Aka kawo maganar tiyata, ya ce a'a.

Daga gida kuwa saƙonnin murya ba su yanke ba. Wata gwaggo ta ce zuma, wani kawu ya ce gashin zomo, wani ya ce a sako shi a jirgi akwai mai maganin ƙuna a Bakori da ba ya kuskure. Mutumin da ko juya shi sai ma'aikata sun taru, shi za a sako a jirgi. Na san ƙauna ce, amma akwai ranar da na kashe wayar don kada in yi wa babba rashin kunya.

A sati na uku zazzaɓi ya shigo. Bandejin ya fara wari, Yaya ya fara ramewa a gaban idona. Na ce wa Dakta Binta to a yanki tawa mana, ai jininmu ɗaya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai da iska ke kaɗawa? Taka ma ture ta jikinsa zai yi, mu tashi da majinyata biyu." Ta ja ni gefe, ta daina wasa. Ta ce in cutar ta shiga jini, kwanaki muke da su, ba makonni ba. Mutumin nan yana da mata da yara uku a Malumfashi, ƙaramar ma a waya kawai ta san shi.

Na koma ciki da zafina. Na ce, "Yaya, wai me kake so ne? Malamai sun yi magana, likitoci sun yi magana. Bandeji ce fa kawai. In ta gama aiki a ɓare a jefa a shara, shi ke nan." Na ɗauka sauƙaƙa masa nake yi. Sai na ga ya juyar da kai bango, hawaye na bin gefen idonsa. Bai ƙara ce mini uffan ba har lokacin ziyara ya ƙare.

Duk tsawon nan mahaifiyarsa, Inna, ba ta san girman abin ba. Kun san halinmu, cewa muka yi ɗan ƙuna ne a hannu, da sauƙi. Da na ga ba sarki sai Allah, na kira ta na kwashe komai na gaya mata. Na shirya jin salati da kuka. Sai ta ce, "Isuhu, ni kuka mayar yarinya ko? To Allah ya shirye ku. Gobe ka haɗa ni da shi."

Washegari da la'asar aka sa wayata cikin leda na shiga da ita, Dakta Binta na tsaye a gefe. Inna ta ƙare masa kallo. Can ta ce, "Sannu, Sabi'u. An ce an kawo maka sutura ka ƙi."

Ya ce, "Inna, ɗan wani ne. Uwa ce ta haife shi kamar yadda kika haife ni. A yafa mini jikinsa kwana kaɗan, sannan a tattara da auduga a watsa a shara saboda ni? Tun muna makarantar allo ake gaya mana akwai ranar da fatar mutum za ta yi magana. Da wane ido zan dubi mutumin nan?"

Sai a lokacin na gane. Sati biyu muna ba shi amsar tambayoyin da bai yi ba, ba wanda ya zauna ya ji tasa. Tun ranar da aka ce jiki zai ture ta yake tunanin inda za ta ƙare, ni kuma na zo na tabbatar masa da abin da yake tsoro.

Inna ta ce, "Kana da gaskiya. Cibiyarka a bayan ɗakina na binne ta, gashin askin sunanka ma haka. Ba a yar da ɗan Adam, ko farcensa ne. Amma ka ji ni, mai fatar nan kyauta ya yi, ba a mayar wa mamaci hannu. In fata za ta yi magana, bar tasa ta samu abin faɗa. Ina likitar?"

Dakta Binta ta matso ta gaishe ta har da rusunawa. Inna ta ce, "'Yata, in ta gama aikinta, za ku binne ta?"

"Inna, ban sani ba, ba kuma zan yi miki ƙarya ba. Amma yau zan tambaya."

Ta tambaya kuwa. Ta hau sama ta sauko, ta shiga wannan ofis ta fita wancan. Ashe asibitin yana da tsarin binne sassan jikin mutum, ba wanda ya taɓa neman a sa irin wannan fata a ciki ne kawai. Kashegari ta shigo tana cewa an yarda, za a tara duk abin da aka cire a miƙa wa masu makabarta, kuma ƙungiya za ta bi sawu. Sai Yaya ya kira sunana, karon farko tun ranar da na yi katoɓara.

"Isuhu, a ƙasan akwatina akwai haramin da na yi Umra da shi." Na san shi. Ya wanke shi da zamzam ya ajiye, ya sha gaya mana shi ne likkafaninsa. Ya ce, "A yanka daga ciki. Ya suturta ni, in suturta shi. Dakta, yalla, bismillah."

Aka yi tiyatar. Cikin sati na huɗu zazzaɓin ya fara sauka, warin ya ɗauke, Yaya ya nemi abinci da bakinsa. Ranar da na fara ganin fatar ana canza bandeji, na yi mamaki. An tsattsaga ta kamar raga don ta yalwatu, kuma ta fi tasa haske sosai. Na gaya wa Garba, shi kuma ya aiko da saƙo wai a gaida Malam rabin Balarabe. Yaya ya yi dariya har sai da ma'aikaciyar jinya ta zo ta kore ni.

Likitoci suka ce sai ya ci nama da kifi da ƙwai kamar ba gobe, don da su jiki ke gina fata. Abincin asibiti kuwa ba ya wuce masa. Matan 'yan ƙungiya suka raba kwanaki a tsakaninsu, yau farfesun kaza daga wannan gida, gobe kunun gyaɗa daga wancan, ni ke biyawa Nu'aija in ɗauka bayan na ajiye bas. Dafa ƙwai kuma muka ɗora wa Garba, muka ce tunda ya iya fasawa sai ya koyi dafawa.

Bayan 'yan makonni fatar baƙon ta fara duhu tana ɗagowa daga gefe, daidai yadda aka faɗa. Kafin nan cinyoyinsa sun tsiro, aka sake ɗiba aka dasa. Haka aka yi ta yi, a cire ta baƙo a sa tasa, har aka rufe ko'ina. Kada wani ya ɗauka abin da daɗi. Yaya ya ce inda aka yanka a cinya ya fi ƙunar zafi, ga ƙaiƙayi da ke hana shi sakat, ga masu motsa gaɓoɓi da ke lanƙwasa masa yatsu yana salati suna cewa saura kaɗan. Da aka sallame shi kuma aka haɗa shi da wata riga mai matse jiki, a zafin Doha, ba cirewa sai wanka.

Ranar binnewa yana asibiti tukuna. Da hantsi muka je makabarta a bayan gari, ni da Garba da wani dattijo da ke kula da jana'iza a ƙungiyar. Ma'aikacin wurin ya miƙo mana ɗan ƙunshi a rufe, da hannu ɗaya na karɓa. Muka naɗe shi da ƙyallen haramin. Ba mu san sunan mai shi ba, ko namiji ne ko mace, ko wace alƙibla yake kallo. Ba a yi sallah ba, aka dai haƙa, aka sa, aka rufe, Yaya na kallo ta waya. Da aka gama ya ce, "Allah, ka san shi." Daga nan na kira Inna na ce an yi, ta ce madalla, yanzu ta samu barci.

Ba komai ne ya dawo ba. Yatsu biyu na hannun damansa ba sa miƙewa, ba ya iya tsayuwar rana, kuma sai da aka kai ruwa rana kafin kamfani ya yarda ya mayar da shi gadin cikin gini maimakon ya sallame shi. Amma yana tafiya da ƙafarsa, yana alwala da hannunsa, ya koma gabanmu a sahu, Garba ya huta mu ma mun huta.

Da aka sassauta dokar korona ƙungiya ta dawo da zagayen masaukai, wannan karon har da darasin ƙuna. Suka nuna yadda ake shafa ruwan sabulu a tiyon gas, in ya yi kumfa to yana yoyo. Suka ce a bar taga a buɗe komai sanyi. Sannan Yaya ya miƙe ya naɗe hannun riga ya ba da labarinsa, wurin ya yi tsit, ba mai waiwayen shinkafa. Da aka zo bayanin yadda mutum zai yi wasiyya da sassan jikinsa, ya tambayi Dakta Binta ko ragowar tasa fatar za ta yi wa wani amfani. Ta ce ya bari ta gama yi masa tukuna. Ni dai na ba da sunana, na kuma gaya wa matata da sharaɗin Inna a ciki. Ban ce dole kowa ya yi ba, mutum ya tambayi malaminsa ya tambayi zuciyarsa. Abin da nake roƙo shi ne, in majinyacinku ya ƙi magani, kafin ku tara masa malamai da likitoci ku zauna ku tambaye shi me yake tsoro.

Da gasar kofin duniyar ta zo, Lusail ta cika ta batse, kowane irin mutum da tutarsa da gangarsa. Aka sa Yaya a wata ƙofa ta cikin inuwa kusa da tashar jirgin ƙasa. Wata rana da yamma na ajiye bas na biya in kai masa ruwa. Shi da aka sani da ɗaure fuska a bakin aiki, sai na same shi yana dafa ƙirji yana gaida kowa, fari da baƙi, mai zane a fuska da mai ihu, yana nuna musu hanya da yatsun nan nasa da ba sa miƙewa.

Na ce, "Yaya, yaushe ka zama ɗan siyasa?"

Ya karɓi ruwan ya ce, "Isuhu, ba a gaya mini daga wace ƙasa aka kawo ta ba. Wataƙila cikin mutanen nan akwai uwarsa, ko ɗansa. Ba su san ni ba, ban san su ba. Wa zan ɗaure wa fuska?"

Yana rufe baki ya hango wata tsohuwa da tuta a kafaɗa tana ta waige-waige, ta rabu da mutanenta. Ya miƙo mini robar ruwan, ya tafi wajenta.